Albashina yana ƙarewa tun kafin ya iso hannuna: neman shawara kan bashi da obadiraf

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ba tare da na sa baki ba, amma yau damuwa ta sa na fito, tunda an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni malamin sakandare ne a Zariya, ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, mahaifiyata tana ƙauye, kuma ni ne babba a ɗakinmu. Albashina naira 215,000 ne. Ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata tana zare 30,000 tun daga tushe saboda rancen da na karɓa na gyara wa mahaifiyata ɗakin da damina ta rusa, sai 185,000 su shiga asusu.

Shekara biyu da suka wuce bankina ya ba ni obadiraf, wato damar in ciri kuɗi fiye da abin da nake da shi har zuwa naira 150,000. Da farko na ɗauke shi abin rufin asiri, na riƙa taɓa dubu ashirin ko talatin idan wata ya yi nisa. Yanzu kuwa kowane wata sai na cinye shi ƙarƙaf. Ranar da albashi ya shiga banki zai kwashe 150,000 ɗinsa da kimanin 6,000 na kuɗin ruwa, in ga 29,000 kacal a asusu, kafin mako biyu na sake komawa cikin ramin. Bayan wannan akwai ragowar 240,000 na ƙungiya, akwai 47,000 na mai shagon unguwarmu, akwai 100,000 da yayan matata ya ranta mini bara, sannan makon jiya na yi kuskuren karɓar 60,000 daga wata manhajar bayar da bashi ta waya, wadda za a biya 78,000 cikin kwana 30. Jimilla naira 615,000 ke nan a wuyana.

Matata ba ta san komai ba in ban da kuɗin yayanta. Ba na caca, ba na shaye-shaye, ba ni da wata hidima a waje, amma na kasa gane inda kuɗin ke tafiya. Ina roƙon wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya fita, ko wanda ya san harkar banki, ya nuna mini ta inda zan fara.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya yaye maka. Na yi shekaru ina zaune a teburin da ake ba da irin wannan rance, don haka zan faɗa maka abin da sau da yawa ba a yi wa mutum bayaninsa a ranar da yake sa hannu.

Obadiraf ya bambanta da sauran basussuka ta fuska ɗaya mai haɗari, ita ce ba shi da ranar ƙarewa. Rancen ƙungiyarku, ko ka so ko ka ƙi, bayan wata takwas zai ƙare, domin kowane wata uwar kuɗin tana raguwa. Obadiraf kuwa kana biyan sa gaba ɗaya ranar albashi, ka sake cin sa gaba ɗaya kafin ƙarshen wata, uwar kuɗin ba ta ragu da ko kwabo ba. Dubu shida da ake cire maka kowane wata sun zama naira 72,000 a shekara, kusan rabin abin da aka ba ka, kuma har yanzu ana bin ka 150,000 cif. Gaskiyar magana ita ce kana rayuwa ne da albashin watan gobe, kuma kana biyan haya a kan hakan.

Abu na biyu, kada wani ya ba ka shawarar ka mayar da albashinka wani banki don ka tsere. Tun ranar 1 ga Agusta 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin da ake kira GSI, wanda ya ba banki damar bin lambar BVN ɗinka ya ciri abin da ya wuce wa'adi daga asusunka na wasu bankuna, muddin ka sa hannu a takardar amincewa, kuma kusan kowa yana sa hannu a kanta ba tare da ya karanta ba. Ban da haka sunanka zai shiga kundin hukumomin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, ya hana ka samun rance na gaskiya ranar da za ka buƙace shi.

Kafin mu yi maganar wane za ka fara biya, ina so ka je ka karɓo bayanin asusunka na wata uku, ka zauna da biro da takarda, ka rubuto mana abin da gidanka ke ci a wata. Ka sa har da abubuwan da ba kowane wata ake biyan su ba, kamar haya da kuɗin makaranta, ka raba su wata-wata.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai, ranka ya daɗe. Na kwana ina lissafin, ga abin da na samu. Abinci da cefane 95,000. Kuɗin mota zuwa aiki da kai yara 28,000. Kuɗin makarantar yara, idan aka raba, 20,000. Haya 240,000 ce a shekara, wato 20,000 a wata. Mahaifiyata 15,000. Wuta da 'yan garuwa da gawayi da man janareto 17,000. Katin waya da data 8,000. Gudummawar biki da suna da ɗan magani kimanin 15,000. Duka ya kama 218,000, alhali abin da ke hannuna bayan kuɗin ruwa 179,000 ne. Wallahi ban taɓa sanin cewa kowane wata ina da giɓin 39,000 ba sai daren jiya.

Maman Sadiq:
Malam, Allah ya kawo mafita. Ni abin da ya tsaya mini a rai a duk bayaninka shi ne cewa maiɗakinka ba ta sani ba. Ka duba lissafinka da kyau, za ka ga kusan rabin kuɗin yana bi ta hannunta ne, domin ita ke auna shinkafa, ita ke zuba mai a tukunya, ita ke sanin ko gawayi zai kai Juma'a. Ta yaya za ka rage cefane alhali mai riƙe da ludayin tana zaton komai lafiya? Idan ka rage kuɗin kawai ba tare da bayani ba, abin da zai fara zuwa zuciyarta shi ne ko aure kake nema ko kuwa rowa ka fara, daga nan zaman lafiyar gida ya tafi, ka haɗa bashi da rikici.

Mu ma mun shiga irin wannan bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lokacin da litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Maigidana ya ɓoye mini kusan shekara guda, ina ganin yana ramewa, ba ya barci, yana fita waje idan an kira shi a waya. Ranar da ya zaunar da ni ya nuna mini takardun, na yi kuka, ba don yawan kuɗin ba, sai don tuna irin abubuwan da na riƙa tambayar sa a watannin nan yana cewa to. A wannan makon na fita daga ankon biki biyu, kuma babu wanda ya tilasta ni. Mata da yawa za su iya jure ƙarancin abinci fiye da yadda za su jure a mayar da su baƙi a gidansu.

Abu Maryam:
Hajiya, ina girmama maganarki, amma ba kowace mace ba ce za a buɗe wa ciki haka. Ciyarwa da tufatarwa da muhalli nauyin miji ne, kuma akwai matan da idan suka ji mijinsu na cikin bashi, gobe labarin yana gidansu, jibi yana bakin maƙwabta, raini ya shigo. Balle ma a nan yayanta yana cikin masu bin sa. A ganina ya gyara abinsa a hankali, idan ya fita sai ya ba ta labari.

Maman Sadiq:
Alhaji, ban ce ya ɗora mata nauyin biya ba. Kuɗinta nata ne, kayan ɗakinta nata ne, kuma ba na goyon bayan a sa mace ta sayar da ɗan kunnenta don toshe bashin da ba a shawarce ta ba wajen cin sa. Abin da nake cewa shi ne ta san gaskiyar abin da ke shigowa. Kuma ka tuna da manhajar nan da ya ambata. Waɗannan mutane idan kwana ya cika suna iya tura saƙon cin mutunci ga duk lambar da ke cikin wayarsa. Wanne ya fi, ta ji daga bakin mijinta a cikin ɗaki, ko ta ji daga yayanta bayan an turo masa saƙo ana kiran surukinsa ɗan damfara?

Ɗalibin Ilimi:
Assalamu alaikum. Ina so in ƙara wani ɓangare da bai kamata mu tsallake ba. Ɗan'uwa Baban Ummi, biyu daga cikin basussukanka, na banki da na manhaja, suna ɗauke da riba, kuma hukuncinta a bayyane yake a aya ta 275 ta Suratul Baƙara. Ban faɗi haka don in ƙara maka nauyi a zuciya ba, domin ka riga ka shiga, kuma abin da ke gabanka yanzu shi ne tuba da gaggauta fita. Wannan ma dalili ne na addini da ya dace da lissafin tsohon ma'aikacin banki, wato a fara kashe wanda yake haihuwa.

Sai dai kada hakan ya sa ka yi sakaci da waɗanda suka ba ka don Allah. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a wannan sura, a kan bashi ta sauka, tana umurni da a rubuta shi da wa'adinsa. Ina kyautata zaton kuɗin surukinka babu rubutu babu wa'adi, kamar yadda muka saba yi tsakanin dangi, kuma irin wannan shi ne yake ɓata zumunci, domin mai bi yana jin kunyar tambaya, wanda ake bi yana kauce wa haɗuwa. Ka je ka same shi, ka gaya masa watan da za ka fara biya da nawa-nawa, ku rubuta. Aya ta 280 ta umurci mai bin bashi ya yi wa wanda ke cikin ƙunci jinkiri har ya samu sauƙi, amma ba zai san kana cikin ƙunci ba idan ba ka faɗa masa ba.

Ya tabbata a Buhari cewa an kawo gawar wani mutum da ake bin sa bashi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai yi masa salla ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Saboda haka ka rubuta dukkan abin da ake bin ka a takarda ɗaya, ka ajiye inda iyalinka za su gani, domin babu wanda ya san gawar fari. A nan nake ganin maganar Maman Sadiq ta fi ƙarfi. Kuma ya tabbata cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane da niyyar biya, Allah zai biya masa, don haka kada ka yanke ƙauna.

Mai Shago a Tudun Wada:
Ni ɗan tireda ne, kuma ina so a ji ta bakinmu, domin duk lokacin da ake irin wannan lissafi mu ake turawa ƙarshen layi saboda ba ma ɗora ruwa. Naira 47,000 a wurin banki ba komai ba ce, amma a wurin mai ƙaramin shago katan ɗin taliya ne da na sabulu da rabin buhun sukari da ba su dawo kan kanta ba. Kuma a shekarun nan da farashi ke tashi, kayan da na ba ka bashi a watan Janairu, idan ka biya ni a watan Yuni, kuɗin ba za su sake sayo su ba. Mu ne muke biyan kuɗin ruwan da kai ba ka biya ba.

Abin da ya fi ci mana rai ba jinkirin ba ne. Mutum ne zai tara bashi a littafinka, ranar da ya samu kuɗi a hannu sai ya zagaya ta bayan layi ya je wani shago ya saya, don kada ku haɗa ido. Malam, idan kana son mutumin nan ya ci gaba da ganin girmanka, ka je ka ce masa a rufe littafi daga yau, duk abin da za ka saya za ka biya nan take, tsohon kuma za ka riƙa rage shi ko da dubu biyar ne a wata. Na rantse babu ɗan kasuwar kirki da zai ƙi wannan.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Maganar mai shago gaskiya ce, kuma ba ta ci karo da tawa ba. Ga yadda nake ganin jerin. Manhaja ita ce gobara, domin 18,000 a kan 60,000 cikin wata ɗaya kashi 30 cikin ɗari ke nan, kuma idan ka makara za su ƙara tara a kai kullum. Wannan ba da albashi za a biya shi ba, wata kadara za ka sayar a makon nan. Ka ambaci man janareto, to ina ganin janareton ne zai tafi, ka huta da sayen mansa ma. Kada ka kuskura ka karɓi rancen wata manhajar don biyan wannan, domin na ga mutanen da suka fara da ɗaya suka ƙare da takwas.

Obadiraf kuma ba a kashe shi da bugu ɗaya, sai dai a riƙa janye masa ƙasa. Idan wannan watan ka tsaya a 135,000 maimakon 150,000, ka je banki ka rubuta takarda a rage maka iyakar zuwa 135,000, wata mai zuwa a sake ragewa. Muddin ƙofar tana buɗe har 150,000, wata rana da dare za ka shiga. Wasu bankunan suna yarda su mayar da shi rance mai wa'adi da ake cira kaɗan-kaɗan, amma ka nemi a rubuta maka jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe kafin ka yarda, domin a 2024 kaɗai Babban Banki ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa daga kashi 18.75 zuwa 27.5, kuma bankuna sun bi sahu. Ka kuma duba bayanin asusun nan layi-layi. Idan ka ga cajin da ba ya cikin takardar da ka sa wa hannu, ka rubuta wa bankin ƙorafi, idan bai warware ba ka kai ga sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki.

Amma duk wannan ba zai yi aiki ba sai an rufe giɓin 39,000 tukuna.

Injiniya Ɗan Kawo:
Ku yi mini haƙuri, ni ina ganin muna ɗora wa bawan Allah laifin da ba nasa ba. Ku dubi lissafinsa, ina almubazzarancin yake? Mutum shida suna cin 95,000 a wata, wato kowane mutum bai wuce naira ɗari biyar da 'yan kai a yini ba, karin kumallo da rana da dare. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a watan Disambar 2024 bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa, mafi ƙarancin albashi kuwa da aka mayar 70,000 a watan Yulin 2024 bai kai kuɗin buhun shinkafa ba a lokacin. Wannan matsalar samu ce, ba matsalar kasafi ba. Ko ya rubuta kowace naira a littafi, ba za ta haihu ba.

Hajiya Mai Abinci:
Injiniya, rabin maganarka gaskiya ce, dole ya nemi ƙarin abin shiga, kuma malamin sakandare a gari irin Zariya ba zai rasa yaran da zai koya wa darasi da yamma ba, musamman masu shirin jarrabawar fita. Amma ban yarda cewa babu abin ragewa a 95,000 ba, domin sana'ata ke nan shekara da shekaru. Tambayar ba nawa ake ci ba ce, yaya ake saye. Wanda ke cin bashi a shago ƙulli-ƙulli yake saye, man gyaɗa na ɗari biyu, sukari na ɗari, taliya ɗaya-ɗaya, kuma wannan ita ce hanya mafi tsada ta ciyar da gida. Talaka yana sayen abu da tsada fiye da mai kuɗi saboda ba ya iya saye da yawa.

Ɗana Baban Ummi, ranar da albashi ya shiga, kafin ka taɓa komai, ka sayi masara da wake da gero da manja na wata guda a kasuwa, ba a shago ba. Kai da kake kusa da kasuwar hatsi ta garin Giwa, bai kamata a ce shinkafa 'yar gwamnati da taliya ne abincin gidanka na kullum ba. Tuwon masara da miyar kuka ko kuɓewa busasshiya, ɗanwake, faten tsaki da zogale ko rama, kunu da ƙosai na gida da safe maimakon shayi da burodi da madara, waɗannan su muka ci muka girma, kuma sun fi riƙe ciki. Burodi da kayan shayi kaɗai, idan ka lissafa, za ka tarar suna cin abin da zai ba ka mamaki. Idan Allah ya kai mu kaka kuma ka samu sarari, ku haɗa kuɗi da abokan aikinka biyu ko uku ku sayi buhu ku raba, waken a zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ba ya shan iska, zai kai ku bazara ƙwari ba su taɓa shi ba. Tumatir da tattasai ma a saya lokacin da suka yi araha a yanka a shanya.

Kuɗin cefanen yau da kullum kuma ka cire shi a hannu, ka raba huɗu, kowane mako da nasa, ka damƙa wa maiɗakinka. Cirar dubu biyu yau dubu uku gobe a wurin mai POS, kowane da cajinsa, yana cin kuɗi ba a sani ba. Abu ɗaya da ba zan ce ka taɓa ba shi ne 15,000 na mahaifiyarka.

Abu Maryam:
To, na ji hujjojinku a kan sanar da iyali, kuma maganar rubuta bashi saboda mutuwa ta shige ni. Abin da zan ƙara shi ne gudummawa. Mu maza ma muna da namu ankon, ɗaurin aure a Kano yau, suna a Funtuwa gobe, kowanne da kuɗin mota da abin da za a miƙa. Wanda ake bin sa 615,000 ya halarci na kusa da ƙafarsa, na nesa ya kira a waya ya yi addu'a. Kuma kada ya shiga sabon adashi yanzu da sunan zai ɗauki kwasar farko ya biya bashi, domin wanda ya yi kwasar farko bashi ya ci, sai dai babu ruwa a kai, kuma zubin zai zo ya tarar da giɓin da ba a rufe ba.

Lauya Ƙarami:
Game da manhajar, Malam ya biya abin da ya karɓa bisa yarjejeniya, ya ajiye shaidar biya, ya nemi saƙon da ke tabbatar da an rufe bashin, sannan ya goge ta daga wayarsa. Idan suka yi masa barazana ko suka tura wa mutanensa saƙo, ya ɗauki hoton saƙonnin ya kai ƙara hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda tun 2022 ta wajabta wa masu ba da bashi ta waya yin rajista, ta kuma rufe wasu saboda irin wannan cin zarafi. Google ma ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobin waya da hotunan mutane tun ƙarshen Mayun 2023, amma waɗanda ake saukewa ta hanyar saƙo ba ta rumbun Google ba har yanzu suna yi.

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyar ke nan da na kawo kukana nan, kuma na ga haƙƙinku ne in dawo in faɗa muku inda aka kwana.

A daren da na karanta maganar Maman Sadiq da ta Ɗalibin Ilimi na zaunar da maiɗakina na nuna mata takardar. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta tambaye ni dalilin da ya sa na bar ta ta yi ankon bikin ƙawarta a watan da na ci bashin manhaja. Ban sami amsar da zan ba ta ba. Kwana biyu tana fushi, a rana ta uku ita ce ta kawo littafin da muke rubuta cefane a ciki har yau.

Na sayar da janareto 90,000, na biya manhaja 78,000 kwana tara kafin wa'adi, na kai wa mai shago ragowar 12,000 na ce a rufe littafi. Abinci ya sauko zuwa 82,000. Kuɗin mota ya koma 18,000 saboda ina tafiya da ƙafa zuwa bakin titi, kuma muna haɗa Keke Napep ɗaya da maƙwabcina wajen kai yara. Data da kati 3,000, gudummawa 7,000, wuta da ruwa da gawayi 14,000. Da haka giɓin 39,000 ya rufe daidai, babu rarar ko sisi, don haka Injiniya ma yana da gaskiya, da ban samu yara biyar da nake koya wa lissafi da yamma a kan 25,000 a wata ba, da ban rage komai daga uwar bashin ba.

Daga kuɗin darasin nake ba mai shago 10,000, obadiraf 15,000. A wata na uku ƙaramar 'yata ta kwanta da zazzaɓin cizon sauro, muka kashe 22,000, wanda ya cinye kason banki na watan har na sake taɓa 7,000. Na ji kamar in bar abin gaba ɗaya, amma muka ci gaba. Mai shago na gama da shi a wata na huɗu. Obadiraf yanzu yana 82,000, kuɗin ruwan ya sauko zuwa wajen 3,300, kuma sau uku ina zuwa banki ana rage mini iyaka. Na ƙungiya saura 90,000, wato wata uku. Yayan matata mun rubuta takarda da shaidu biyu cewa zan fara ba shi 30,000 a wata da zarar na ƙungiya ya ƙare. Abin da ya rage a kaina duka 272,000 ne.

Tambayata yanzu ga tsohon ma'aikacin banki ita ce, ganin abin da ciwon yarinyar nan ya yi mini, shin in ci gaba da zuba dukkan 25,000 a obadiraf, ko in fara ware wani abu saboda irin wannan rana?

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Alhamdu lillahi, Allah ya ƙara wa yarinya lafiya, ya saka wa maiɗakinka da alheri. Ka ware 5,000 kowane wata, ka zuba 20,000 a banki. Idan ka haɗa da ɗan abin da ke raguwa na kuɗin ruwa, cikin wata huɗu obadiraf zai mutu, kuma a lokacin kana da 20,000 a gefe. Kada ka ajiye su a asusun albashi, domin can banki zai haɗiye su a cikin lissafinsa, ka ba maiɗakinka ta riƙe ko ka buɗe wani asusun ajiya da ba shi da kati. Ranar da ka biya naira ta ƙarshe, kada ka tsaya ganin sifili a waya, ka rubuta takarda a soke obadiraf ɗin gaba ɗaya, a buga maka hatimi a kwafinka, domin idan ba ka soke ba wasu bankunan suna sabunta shi da kansu idan shekara ta zagayo, har da cajin sabuntawa.